Shamuwa ta dawo, gauraka ba ta dawo ba: tarihin tsuntsaye da dawa a ƙasar Rano

A farkon watan Mayu, lokacin da hadari ya fara haɗuwa ta gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna, na yi tafiyar yini guda daga Kano zuwa ƙasar Rano. Hanyar sananniya ce: a bar titin Zariya a Karfi, a ratsa Bunkure, a shiga Rano tsakanin duwatsunta, daga nan a zarce Kibiya. A wani ƙauye da ke bakin hanyar Kibiya na tsaya a gindin wata tsamiya wadda shamuwoyi suka yi wa sheƙa har guda shida. Ƙarƙashinta yara na wasa, wata mata na daka, kuma ko ɗaya daga cikin yaran bai kai hannu ga danƙonsa ba. Wani dattijo da ke gyaran ƙotar fartanya ya ce da ni ranar da suka ga ta farko a sama, ran nan ya sa aka sauko da iri daga rumbu.

Na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin gauraka. Ya yi shiru, sannan ya ce tun yana saurayi. Ungulu fa? Ya yi dariya, ya ce ai ko a mahauta yanzu sai an dace.

Waɗannan tsuntsaye uku sun zauna a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin dokoki iri ɗaya. Ɗaya tana nan, biyu sun tafi ko suna kan tafiya. Dalilin haka yana cikin tarihin yadda aka riƙe dawa a kudancin Kano a zamani uku: na maharba, na Turawa, da na madatsun ruwa. Kuma tarihin yana da muhimmanci a yau, domin ana shirin sake ɗaura wa Dajin Falgore sabuwar riga.

Zamanin maharba

Tarihin Kano na gargajiya, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya buɗe ne da labarin wani ƙaƙƙarfan maharbi a Dala, mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ko an ɗauki labarin a matsayin tatsuniya, yana nuna cewa mutanen da suka fara ba da shi sun san giwa a ƙasarsu, kuma a wurinsu maharbi shugaba ne. Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda har yau ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, tana bakin wannan dawa ne. Daga gare ta zuwa kudu ƙasa tana ƙara tudu da duwatsu da duhuwa, har a kai inda Kogin Kano ya faro.

Farauta a wancan zamani sana'a ce mai shugabanni, irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa, kuma tana da lokacinta. Sai an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sannan ake buga gangi a yi gayya. Da damina ta faɗi, kowa ya koma gona, dawa ta rufe da ciyawa, namun daji su samu sararin haihuwa. Ba wanda ya rubuta wannan a matsayin doka, amma ya yi aikin doka. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshinsa, ya sunkuya yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun don ya kusanci gwanki, ya san halin burtu fiye da yawancin masu digiri a yau.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nufin kakanninmu masu tausayin namun daji ne fiye da mu. Sun kashe abin da suka iya kashewa. Abin da ya taƙaita su shi ne ƙarancin jama'a, da faɗin dawa, da iyakar abin da kwari da baka za su iya. Amma akwai wasu halittu da al'ada ta ware ta ce ba a taɓawa, kuma shamuwa ce kan gaba. Ba a cin ta, ba a kwashe ƙwanta, ba a sare bishiyar da ta yi sheƙa a kai. Dalilin a fili yake: ita ce mai shelar damina, kuma abincinta fara da tsutsa, wato abokan gaban manomi. Masana sun tabbatar da abin da manomi ya daɗe da sani. Shamuwa tana haihuwa ne a yankinmu da damina, idan ruwa ya ɗauke ta yi ƙaura zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda damina take a lokacin da muke rani, sannan ta biyo hadari ta dawo. Turawa sun ba ta suna a littattafansu a 1823, suka laƙaba mata sunan wani gwamnan Turkawa na Dongola a Sudan. Mu kuwa mun ba ta mazauni a tsakar gari.

Zamanin gandun daji

A 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka zauna a Landan suka tsara yarjejeniyar kare namun dajin Afirka. Yarjejeniyar ba ta fara aiki a hukumance ba, amma ita ce ta zama tushen dokokin da suka biyo baya. Ta kasa dabbobi gida-gida. Ungulu da mujiya da carki suna cikin waɗanda aka ce a kare saboda amfaninsu. Zaki da damisa da kura da kada suna cikin waɗanda aka ce a rage yawansu. A Nijeriya an kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963.

Waɗannan dokoki sun zo da sabon tunani: dawa ta zama ta hukuma. Wanda ke da kuɗin lasin da bindiga mai kyau ya zama mafarauci na halal, wanda ya gaji tarko da baka daga ubansa ya zama mai laifi. Da wannan tunani aka shata gandun dajin Kogin Kano a shekarun 1940, aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji a shekarun 1960, shi ne aka sani yau da Dajin Falgore. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma titin Kano zuwa Jos ya ratsa shi. Abokinsa na Bauci, Yankari, an ware shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962.

Shata gandun ya yi amfani, wannan ba a musu. Da ba a shata ba, da tuni gatari da garma sun gama da shi kamar yadda suka gama da sauran dazuzzukan ƙasar Kano. Amma an biya farashi. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda suka san kowace ƙorama da kowane mashayar gwanki, an mai da su baƙi a bakin iyaka. Abin da ba naka ba, ba ka tsaronsa. Idan ka samu dama, ka ɗebi rabonka kafin wani ya riga ka. Muddin gwamnati na da kuɗin biyan ma'aikatan gandu da sayen man mota, tsarin yana tafiya. Ranar da kuɗin ya yanke, ba wanda ya rage a bakin dajin da yake jin asarar tasa ce.

Zamanin madatsun ruwa

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya mulke ta har 1975. Cikin waɗannan shekaru takwas fuskar ƙasar Rano ta sauya fiye da yadda ta sauya a ƙarni guda kafin nan. Tsakanin 1971 da 1974 aka datse Kogin Kano a Tiga, aka samu tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga gare shi aka ja magudanan da suka mai da Kadawa da Kura da Bunkure ƙasar shinkafa da alkama da tumatir. An yi wannan aiki ne ana tsakiyar farin da ya ƙone yankin Sahel a 1972 zuwa 1974, saboda haka ba wanda zai ce ba a buƙatarsa.

Gwamnatin Audu Baƙo ba noma kaɗai ta hanga ba. Ta gina otal a Bagauda da wani a kan dutse a Tiga, ta buɗe gidan zu a Kano, an kuma yi masaukin baƙi a Rurum, ƙasar Rano. Tunanin shi ne mutum ya taso daga birni, ya yini a bakin ruwa, ya zarce Falgore ya ga namun daji. Wato abin da wasu ƙasashe ke cin kuɗinsa a yau, Kano ta yi masa shimfiɗa tun shekaru hamsin da suka wuce. Otal ɗin Bagauda yanzu reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ne.

Tafkin Tiga ya jawo tsuntsayen ruwa inda a da babu: zalɓe, da belbela, da kirinjijiya, da baƙin da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu. Sai dai ruwan da ya taru a Tiga, daga bakin wani aka ɗauke shi. Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗejiya, wanda ambaliyarsa ta kowace shekara ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru. A ƙarshen shekarun 1960 ruwa yakan malale fiye da murabba'in kilomita 2,000 a can. Bayan Tiga, da farin shekarun 1980, akwai shekarun da bai kai 1,000 ba. A 1992 aka ƙara da madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, sun buga lissafi a 1998 wanda ya nuna cewa abin da fadamar ke asara na kifi da noma da itace ya fi abin da noman rani na sama ke samarwa da wannan ruwa. Waɗannan fadamu su ne masaukin dubban agwagin daji masu ƙetare Sahara, su ne suka kawo mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, Dagona a 1989, kuma wani yankinsu ne Nijeriya ta fara sanyawa a jerin dausayin duniya na Ramsar.

Gauraka tsuntsuwar fadama ce, a cikin ciyawar ruwa take sheƙa. Da fadama ta ƙafe, aka nome abin da ya saura, sai kuma masu kamu suka bi ta, domin manyan mutane na son ganinta tana taku a tsakar gidajensu. Gauraka a gida ado ce, amma ba kasafai take haihuwa a tsare ba, don haka kowace aka kawo gida, an rage ɗaya a dawa ke nan. Yau tsuntsuwar da ake yawan kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya ta kusa ƙarewa a dawan Nijeriya.

Ungulu kuwa, wadda Turawa suka sa a sahun farko na kariya tun 1900, takarda ba ta cece ta ba. Guba da ake sa wa mushe, da cinikin kanta da ƙafafunta a kasuwannin masu magani, su suka ci ta. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga tsuntsaye masu farauta wajajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin da 'yan kai, ya tarar manyan ungulaye sun kusa ɓacewa a wajen gandayen daji. A 2015 aka sanya ungulun da muka saba gani a mahauta cikin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Wanda yake ganin wannan ba asara ba ce, ya dubi Indiya. Can wani maganin shanu ya kashe kusan dukan ungulayensu daga shekarun 1990, mushe ya taru, karnuka suka yawaita, ruwa ya gurɓace. Binciken da Eyal Frank da Anant Sudarshan suka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa hakan ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 cikin 'yan shekaru. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Ashe aikin tsafta take yi mana kyauta.

Wa ya ƙirga?

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan tarihi shi ne, ba wanda zai iya faɗin shekarar da gauraka ta ƙarshe ta tashi daga fadamun Kogin Kano. Mun wayi gari ne kawai babu ita.

A kwatanta da abin da ya faru a Ingila. Tun 1962 masu sa kai a can suke ƙirga tsuntsayen gonakinsu kowace bazara. A 1969 suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda bai fi gwara girma ba, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka gano a Sahel yake cin rani, kuma ruwan 1968 ya gaza a nan. Wato masu ƙirgar tsuntsaye a ƙauyukan Ingila sun ga alamar farinmu shekaru kafin duniya ta ji labarin yunwar 1973.

A Kano ma an taɓa yin ƙirgar. R. E. Sharland, wanda ya daɗe a birnin kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, shi da Roger Wilkinson sun buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a 1981, Wilkinson kuma ya biyo da na Falgore bayan 'yan shekaru. Aiki ne mai daraja, amma da Turanci aka yi shi, a mujallar da manomin Rurum bai taɓa jin sunanta ba, kuma da masu shi suka koma gida sai ya tsaya. A gefe guda akwai masu littafi da ba su daɗe a ƙasar ba, a ɗaya gefen akwai masu sani da ba a taɓa tambayarsu ba.

Daga baya Falgore ya faɗa hannun wasu. Wajajen 2015 sunansa ya koma na maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga gandaye goma zuwa gandayen daji na ƙasa, cikinsu har da Falgore, da dausayin Haɗejiya, da Kogo na Katsina. Wannan ita ce sabuwar rigar da na ambata. Idan abin da za ta kawo shi ne ƙarin shinge da ƙarin bindiga, alhali mutanen bakin daji suna waje, to an maimaita kuskuren shekarun 1940 ne da sabon allo.

Darasin ƙananan garuruwa

Akwai wani ƙaramin gari a hamadar Arizona ta Amurka, sunansa Willcox, wanda mutanensa ba su fi 'yan dubbai ba. Kowane hunturu dubban tsuntsaye dangin gauraka ke sauka a kwarinsa suna kalen masarar da ta zube a gonaki. Mutanen garin suka mai da zuwansu biki a watan Janairu. Baƙi na tasowa daga birane da asuba, su kalli tashin tsuntsayen, su ci abinci, su biya jagora, su koma gida da yamma. A Khichan, wani ƙauye a hamadar Rajasthan ta Indiya, mazauna garin ne suka soma watsa wa wani dangin gauraka hatsi a shekarun 1970, yau dubbai ke sauka, ƙauyen kuma ya shahara a duniya da su. A wurare biyun ba shinge ne ya riƙe tsuntsayen ba. Mutanen gari ne suka ga cewa nasu ne.

Tushen irin wannan taro ma daga farauta ya fito. A Amurka ta ƙarni na 19 akwai al'adar gasar harbi ranar Kirsimeti, a kasu gida biyu, wanda ya fi tara gawa shi ya ci. A 1900 wani masani, Frank Chapman, ya ce a fita a ƙirga maimakon a harba. Mutum 27 suka amsa, a wurare 25. Har yau ana wannan ƙirga kowace shekara, kuma ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin taskokin bayani kan tsuntsaye a duniya. Gayyar farauta ce aka sauya mata makami.

Na san abin da wani zai ce: mutanen da ke fama da tsadar taki, da tsoron hanya, da jan-baki mai cinye gero da shinkafa a dare ɗaya, wa zai yi musu zancen kallon tsuntsu? Maganar tana da nauyi. Ba kowane tsuntsu ne abokin manomi ba. Amma ko yaƙi da jan-baki yana buƙatar wanda ya san inda yake kwana da lokacin da yake ƙyanƙyasa, kuma maganin da ake fesa masa daga jirgi ba ya tambayar tsuntsu sunansa kafin ya kashe shi. Rashin ƙirga ba ya rage wa talaka wahala, ƙara masa yake yi.

Ƙasar Rano da Kibiya tana da duk abin da Willcox ke da shi, har da ƙari. Tana kusa da birnin da ke da miliyoyin mutane, ana zuwa a dawo a yini. Tana da tafki, da duwatsu, da gonakin rani, da bakin daji. Tana da maharba masu ƙungiya da shugabanci. Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya tana faɗowa ne Asabar ta biyu a watan Mayu da ta biyu a watan Oktoba, kusan daidai da zuwan shamuwa da tafiyarta. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a kusa da Jos, wadda ke horar da 'yan Nijeriya tun farkon shekarun 2000, kuma tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasa, inda duk mai waya zai iya tura abin da ya gani. Ba a buƙatar sabon otal ko kwangila kafin a fara. Malamin firamare a Tarai da 'yan ajinsa za su iya ƙirga sheƙar shamuwa a garinsu kowace damina, su rubuta a littafi, a ajiye a fadar dagaci. Bayan shekara goma, wannan littafi zai faɗi abin da babu ma'aikatar da ta sani.

Da la'asar, kafin in kama hanyar gida, na biya ta Rurum na tsaya a bakin ruwan Tiga. Masunta na jan koma, belbelu na bin garken shanu, wani zalɓe na tsaye a gefe shi kaɗai. Na tuna da tsamiyar nan ta hanyar Kibiya. Ba ta cikin gandun kowa, ba ta da mai gadi, babu sunanta a wata doka ta 1916 ko ta 1963. Abin da ya tsare ta shi ne kowane yaro a ƙauyen an faɗa masa tun yana goye cewa ba a jifan shamuwa. Dattijon ya ce bara sheƙa takwas ne a kanta, bana shida. Na tambaye shi ko akwai wanda ya rubuta. Ya ce wa zai rubuta? Na ciro littafina na rubuta: shida, da kwanan wata.